Ƙararrawar Tsakar Rana

A wajen masu kifi, bakin gadar Wudil, wata dattijuwa ta ga rosari, wato carbin addu'a mai gicciye, a wuyan wata mata.

"'Yata, ashe 'yar Katolika ce ke? Mu 'yan ECWA, a ƙauyenmu ko ƙofar cocinku ba a bari mu bi, wai gumaka kuke yi wa sujada."

"Mama, iyakar abin da kika sani ke nan?"

"To, akwai ƙararrawarku ta tsakar rana. Muna gona, da ta kaɗa sai babanmu ya ajiye fartanya, innarmu ta buɗe ƙwaryar tuwo a gindin ɗorawa. Allah sarki!"

Matar ta yi dariya. "Ƙararrawarmu ke kiran ki cin tuwo, amma da kika gan ni, gumaka kika fara tunawa?"