Goshina da maganin da aka amince da shi

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa. Ni ne Idi direban bas, daga unguwar Sparkbrook a Birmingham, Ingila.

Shekara uku ke nan a kan kujera nake sallah, domin in na yi sujada ba na iya tashi sai an kama ni. A asibiti suka ce ciwon Pompe ne, gadonsa ake yi, jikina ya rasa wani sinadari, shi ya sa tsokata ke raunana. Kwanan baya likita ta ce hukumar magunguna ta amince da sabon magani mai maye gurbin sinadarin, za a riƙa sa min ta ƙarin ruwa duk sati biyu. Ba warkewa ba ce, amma ƙarfi na iya ɗan dawowa.

Ina murna na kira 'yata Maryam da ke jami'a a Manchester. Da ta bincika sai ta ce, "Baba, da ƙwayoyin halittar hamster ake haɗa shi, wata 'yar dabba mai kama da ɓera. Amma an tace shi tas."

Tun ranar nake juya maganar. Yaya abin da jikin mutum ya gaza yi zai fito daga dangin ɓera? Hukuma ta duba ingancinsa, to halaccinsa fa, wa ya duba?

Malamai da likitoci masu sauraro, ku fahimtar da ni kafin Laraba, ranar da za a fara. Kujerar nan ta ishe ni, so nake goshina ya sake taɓa ƙasa.