Ɓarawon da Kyamara Ta Nuna

A tashar motar Mubi, Alkasim mai sayar da gyaɗa yana zaune rungume da kyamarar tsaron da ya ciro, sai tsaki yake ja. Dattijon da ke gefensa ya dube shi.

"Samari, lalacewa ta yi?"

"Ina ma ta lalace, Baba! Buhuna ke ɓacewa a sitona, na kafa ta."

"Ba ta nuna ɓarawon ba?"

"Ta nuna shi tar, har hularsa. Surukina ne."

Dattijon ya yi salati. "Ka yi masa magana?"

"Da wane bakin? Da can ina tsine wa ɓarawo son raina. Yanzu kullum sai na durƙusa na gaishe shi, shi kuma ya yi mini jaje!"