Kogin da Ke Ƙafewa Ran Talata

Muna zaune a tashar Kawo muna jiran mota ta cika, wani ma'aikaci ya shimfiɗa doguwar takarda a cinyarsa yana ta tsaki. Dattijon da ke gefensa ya leƙa.

"Malam, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Baba! Kwamfutar ofis ce ta zana mini hawa da saukar ruwan kogi. Duba, duk Talata sai layin ya faɗo ƙasa, wai kogi ya ƙafe. Da tsakiyar damina! Gobe kuma zan nuna wa manya."

"Ranar da ba a auna ba, me kake rubuta mata?"

"Sifili."

"To ai da gaskiyarta, kai ka ce mata babu ruwa. Bar gurbin ba komai, ta tsallake."

Ma'aikacin ya tafa hannu. "Wallahi shi ne! Baba, ina ka koyi kwamfuta?"

"Ban taɓa taɓa ta ba. Ni ne dai mai auna ruwan. Talata kuwa nakan je Rigachikun ganin jikokina."

"Au, kai ne Malam Rabe? Ni ne Idris, sabon shugabanku."

Dattijon ya gyara hula, ya fashe da dariya. "Ranka ya daɗe, yau ma fa kogin a ƙafe yake!"