Saƙon da Habsu Ta Ƙi Karɓa

Kuɗin motar da ya kai ni Yamai akuyata ce, ja mai farin goshi, wadda kakarku ta ba ni ranar sunan Sa'a. Na kai ta kasuwar Tajaye bayan yankan gero, shekarar da babanku ya kwanta da ciwon ƙafa, rumbu kuma bai yi rabi ba. Dillali ya yi ta latsa haƙarƙarinta yana cewa ta rame, na ce masa duk garin an rame, har da shi. Tunda ke Sa'a da ke Balki kun ce bana sai kun tafi aikatau, na ga gara in rubuta muku wanga labari, don in da baki ne kuna katse ni da dariya. Rubutuna kun san shi, ni na koya wa kaina, sai ku yi haƙuri da layukan da sunka karkace.

Kafin in tashi na bi gida gida ina neman gafara, yadda kowane matafiyi ke yi. Duk gidan da na shiga sai an yafe, sannan a ɗauko saƙo: wannan kuka ce ta ɗiyata, wannan daddawa ta ƙanwata. Kun sani ba a ƙin saƙo. Ko kayanki sun yi yawa, sai dai ki rage naki. Haka na isa Yamai ina warin daddawar mutane.

Na sauka a wani gida bayan babbar kasuwa, ɗaki guda, mu 'yan wajen Ƙonni da Illela, tabarma na taɓa tabarma. Mai gidan wata Hajiya ce Bazabarma, Hausarta ta neman kuɗi ce kawai. Ƙarshen wata sai ta tsaya bakin ƙofa, bayan na haya ta nemi kuɗin lantarki.

"Na kuran fa?"

"Hajiya, ƙwan ɗakinmu tun da munka zo bai taɓa kamawa ba."

"Waya ta bi ta kan ɗakinku ko ba ta bi ba?"

Muna biya.

Tabarmar da ke kusa da tawa ta Habsu ce, daga wani ƙauye arewa da mu. A lokacin kaɗan ta ɗara shekarunku na yanzu, mijinta ya rasu, ta bar ɗanta Ila wurin uwarta ta zo wanki da guga. Yaya take ce mini. Mace ce mai riƙon amana har abin ya yi yawa: in ta tsinci tsaba a aljihun wando, sai ta bi mai wandon har gida.

Ni kuma na samu shara a wani buro, wato ofis, kusa da asibiti. Ba a allura a wurin, ba a awo. Aikinsu anketi, wato bincike, mu muna ce musu 'yan tambaya. Babbarsu likita ce, kowa Madam yake ce mata, mai saurin tafiya da rashin son a taɓa mata tebur. Ranar farko ta ce in na makara za ta yanke mini, na ce to ta gaya wa mai taksi. Sai da na daɗe ina share wurin kafin in gane abin da suke bincikawa: me ke kai mutum ya yi tunanin kashe kansa, yaya za a gane shi da wuri, yaya za a tare. Da na gane, na yi a'uzubillahi, na ƙudura in wata ya ƙare in nemi wani aiki.

Ban bari ba, don wani aikin bai samu ba. Ran Alhamis sukan tara mata 'yan aikatau a rumfa, a ba su lemo, a yi ta hira, ana ɗaukar muryoyi da yardarsu. Hausar Madam ta Yamai ce, matan ƙauye ba su ji sosai, sai ta riƙa kirana in gyara mata magana. Akwai ciwon da take kira defiresiyo, matan sunka mai da shi Ɗan Firisiyo, suna tambayar ko shi ma yana biyan haya. Tana dariya, amma sai ta ce su gaya mata yadda mu muke faɗa. Wata ta ce baƙin ciki, wata ta ce zuciya ta mutu, wata ta ce iska ne. Duk ta karɓa.

Wata rana ta ce in tambayi wata mata ko tunanin kashe kanta ya taɓa zo mata. Na ƙi. Na ce Madam, ambaton abu kiransa ne, mu ba mu furta wannan. Ba ta yi faɗa ba. Bayan an watse ta ce mini su ma sun ji wannan tsoro, shi ya sa anka bincika a wurare da yawa, kuma abin da anka gani shi ne tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Wanda ke ɗauke da shi kuwa, sau da yawa jira yake wani ya tambaya. Ta ce ba su da abin awo kamar na zazzaɓi, suna kuskure su ma. Amma akwai alamu: mutum ya bar barci da abinci, ya janye daga mutane, ya riƙa cewa shi kaya ne a kan 'yan uwa. Wani kuma bayan dogon baƙin ciki sai ya wayi gari da natsuwa, ya fara rabar da kayansa yana sallama. Na ce Madam, ai wannan mai tafiya gida ne. Ta ce wani lokaci. Na ɗauki tsintsiyata.

Cikin bazara anka kira Habsu a waya. Ila ya yi zazzaɓi, ya rasu, an ma rufe shi kafin a kira. Ta fara kuka, matan ɗaki sunka taru a kanta: ki yi haƙuri, ki yi shiru, kukanki na ƙona shi. Ni ma na faɗi haka, abin da anka faɗa mini ne lokacin da na rasa nawa. Ta yi shiru. Ba ta je gida ba, ta ce me za ta tarar. Tana zuwa wanki, ta dawo ta juya fuska ga bango. Tuwonta na kwana. Kitsonta ya tsufa har ya kwance da kansa. Wani gidan da take wa aiki sunka sallame ta don ta ƙona riga da dutsen guga. Sau ɗaya na ji ta ce da tana gida da ba haka ba. Na ce mata kwana ne ya ƙare.

Sai wata Juma'a ta tashi fes. Ta yi wanka, ta sa anka yi mata kitso, ta ci abinci. Ta ba Indo, wata 'yar Bazaga da ke ɗakinmu, bokitinta da jakarta. Ta ba wata tukunya. Ni ta ba ni zanenta na Sallah. Ta bi kowa tana cewa a yafe mata, har Hajiya. Ɗakin ya cika da murna: Habsu ta warware, Habsu za ta gida. Wanda ya tambaye ta yaushe, sai ta ce ba da daɗewa ba. Haka mai komawa gida ke yi, ba ka jan bokiti zuwa Tajaye, barinsa kake wa na baya. Ba wanda ya ga wani abu.

Na ruga kasuwa na sayo muku sabulu da takalman roba, ke Balki naki ruwan ganye ne. Na ƙulle a ɗankwali, na same ta bayan la'asar a wurin shanya, tana kwashe wankin mutane na ƙarshe tana ninkewa.

"Ga saƙon yara. Ki ba babansu."

Ta kalli ƙullin, ba ta miƙo hannu ba.

"Yaya, ki ba wani."

Na ɗauka nauyi take gudu, na ce ai ba shi da nauyi. Ta ce ki dai ba wani. Indo na wucewa ta ce ita ma an ƙi nata, Habsu ta zama 'yar birni. Na tsaya da ƙullin a hannu. Macen da ke bin mutum har gida da tsabarsa ba ta ƙin saƙo don girman kai. Kuma mai tafiya gida na ba da bokiti, amma ba ta ba da jaka. Ba ta sayi tsaraba ko ta alawa ba.

Na yi bisimilla a zuci, na zauna a kan bulo kusa da ita, na faɗa yadda Madam ke faɗa, ba kewaye.

"Habsu, tunanin kashe kanki kike yi?"

Ta ci gaba da ninke wani zanen gado har ta gama.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Kin ƙi saƙona."

"Ba ni karɓar amanar da ba zan kai ba." Ta zauna ƙasa. "Na gaji, Yaya."

Wa'azi ya zo mini har baki, na haɗiye. Ta fi ni karatu, ta san hukuncin, sanin ne ma ya sa ta ɓoye. Na ce mata ina ji. Ta yi magana har anka kira magariba, yawanci a kan Ila: yadda yake kiran akuya, yadda ya riƙe mata zane ranar da za ta taho. Ta yi kukan da munka hana ta. Na tambaye ta ko ta tanadi wani abu, ta ce e. Na ce ta ba ni, ta ba ni. Ba zan rubuta muku ko mene ne ba. Munka yi salla tare, na gaya wa Indo da iznin Habsu, daga nan ba mu ƙara barin ta ita kaɗai ba.

Da safe na kai ta wurin Madam. Ta ajiye aikinta ta shiga da ita ɗaki, ta daɗe. Daga baya ta haɗa ta da likitan asibiti, anka ba ta magani da randebu, wato ranar komawa. Ni ke raka ta. Madam ba ta yanke mini makarar ba. Ta dai roƙe ni in maimaita zancen saƙon a gaban na'urarsu, ba suna, ko zai yi wa wasu amfani.

Labari ya kai kunnen Hajiya, ta zo ta ce ba a gidanta ba, Habsu ta tattara ta bar mata ɗaki, ba ta son jandarma a ƙofa. Na ce in Habsu ta fita duk mun fita, sai ta nemi waɗanda za su biya mata kuran marar haske. Ta zage mu da Zabarmanci ta tafi. Washegari jikarta ta kawo kwanon dambu da zogale, wai na marar lafiya.

Kada ku ɗauka ta warke a mako. Akwai ranakun da ta koma ga bango, akwai ranar da ta ce da na ƙyale ta. Na dai zauna kusa da ita. A hankali ta koma wanki. Ranar da na san an samu sauƙi ita ce ranar da na ji ta tana faɗa da Indo a kan jaka. Indo ta ce kyauta ba ta komawa. Habsu ta ce to ta zuba kayanta a ina, a kai?

Da hadari ya fara haɗuwa munka shirya tare. Ita ce Inna Habsu mai yi muku kitso ran kasuwa, kuma ita ta ce in gaya muku, tunda za ku. Har yanzu takan je likita a Ƙonni, har yanzu bazara na yi mata wuya.

Abin da na dawo da shi bai kai a faɗa ba: buhun masara, katifa ƙarama, da kuɗin da bai sayi akuya kamar waccan ba. Jakar Habsu kuwa ba ta rufu ba, don duk ɗakin sai da ta bi ta karɓi saƙo, har na waɗanda garinsu ba ya kan hanya. A mota ta yi barci a kafaɗata tun daga Dosso, hannunta a kan ƙullin saƙonku, wanda ta ƙi a da, yanzu ta karɓa. Da munka sauka Tajaye na miƙa hannu in karɓi ɗankwalina, ta janye shi.

"Ni anka ba," ta ce.

Ta bi ni har gida, ta durƙusa ta sa miki takalman, Balki. Sun yi miki kaɗan.