Jan Layin da Rana Ta Cinye

A bencin tasha, muna jiran mota ta cika, wata tsohuwa ta dubi naɗaɗɗiyar takardar da ke hannun wani saurayi.

"Ɗana, kalanda kake sayarwa?"

"A'a, Inna, zane nake yi a kwamfuta. Allon gargaɗin da ke bakin kududdufin bayan kasuwa ma ni na zana shi, kyauta. Na gaji da jin yara suna nitsewa."

"Kai ne ka zana yaron nan mai dariya cikin shuɗin ruwa?"

"Ni ne. Ƙananan yara ba su iya karatu ba, hoto suke kallo. Shi ya sa na ja jan layi a kansa, alamar an hana."

"Wane jan layi?"

"Babba ma kuwa, daga kusurwa zuwa kusurwa."

"Yaushe rabonka da wurin?"

Ya sosa ƙeya. "Tun ranar da muka kafa shi. Har hoto muka ɗauka, mutane suka yi ta yabawa a waya."

"To, babu ja a allon nan. Rana ta cinye shi tun bara. Shuɗin ne ya rage, da haƙoran yaron."

"Ai haka ja yake, Inna, shi ke fara koɗewa."

"Ashe ka ma sani." Ta gyara mayafinta. "Jikana ya ce wa uwarsa, 'An yarda a yi wanka, ga hoton nan.' Daga zaman makokinsa nake."



Saurayin ya ce, "Allah ya jiƙansa. Gobe zan je in sake jan layin."

"Ka fara goge dariyar tukuna," in ji ta.