Maganin Ranar Awo

A bencin wani asibiti a unguwar Maamobi, Amama mai tuwo tana jiran a auna mata jini, sai ga wani dattijo mahauci ya zauna kusa da ita. Ya warware ƙullin takarda, ya haɗiye ƙwayoyi uku ko ruwa babu.

"Baba, uku a lokaci guda?"

"Yau ranar awo ce, 'yata. Ranar awo kaɗai nake sha, don kada nas ɗin nan ta ɗaure mini hannu, ta yi mini faɗa a gaban jama'a."

"Sauran ranakun fa?"

"Kaina ba ya ciwo. Wa ke shan magani yana lafiya lau? Ke naki ya kai ina?"

"Wancan karon ta ce ya ɗan hau. Ta hana ni gishiri."

Dattijon ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe naki na yara ne. Nawa sai da ta kira likita ya zo ya gani da idonsa. Hawan jini ciwon manya ne, ba ya kama wanda bai ci kitse ba. Duk mahautan Sabon Zongo ba mai kamo ni."

Amama ta gyara mayafi. Ta san wannan dariyar.

"Haka maigidana yake cewa."

"Madalla, namiji ke nan. Yana ina?"

"Yana gida kwance. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake ba shi tuwo a baki."

Dattijon ya laluba aljihu, ya fito da ƙwaya ta huɗu.