Haruffan da Ya Bari

A bencin tasha muna jiran mota ta cika. Wata dattijuwa ta ba mutumin da ke gefenta na'urar karatunta ya riƙe, ta gyara goyon jikarta. Da ta karɓa sai ta ɗaure fuska.

"Malam, me ka taɓa?"

"Haruffan na rage miki, Mama. Sun yi ƙato-ƙato, sai latsawa kike kamar mai kashe kwarkwata."

"Riƙe min na ce, ko gyara min?"

"Taimako ne. Ko tabarau ba ki sa ba."

"Idona ras yake. Na maigidana ne ya dushe. Da hannunsa ya yi ta ƙara musu girma har ya iya gani. Tun da ya rasu ban taɓa wurin ba."

"Allah ya jiƙansa. Kawo in mayar."

Ya latsa, ya nuna mata.

"Haka?"

"Ba haka ba."

"To haka?"

Ta daɗe tana kallo.

"Ka ga aikinka ko? Yanzu ni ma ban sani ba."